Manyan Buri da Ƙananan Ɗabi'u: Wanne ne Ke Taimakon Lafiyar Ƙwaƙwalwa?

Shin tafiyar minti goma bayan sallar Asuba, ko ajiye waya kafin a kwanta barci, za ta iya rage damuwar magidancin da kuɗin haya ya taso masa, ga kuɗin makarantar yara, ga cefanen gida ya fi ƙarfin aljihu? Wannan tambaya tana dawowa duk lokacin da aka taɓo maganar lafiyar ƙwaƙwalwa a bainar jama'a, musamman ranar 10 ga Oktoba da duniya ta keɓe wa batun tun shekarar 1992, da kuma farkon shekara ko bayan azumi, lokacin da mutane ke ɗaura niyyar sauya rayuwarsu. A nan Jos, duk wanda ya zauna teburin mai shayi a Gangare ko Rikkos aka tayar da zancen, zai ga an rabu gida biyu. Wasu na ganin raini ne a ce wa mai fama da talauci ya riƙa motsa jiki. Wasu kuma, galibi matasan da ke bibiyar masu zaburarwa a TikTok da Facebook, sun ɗauka cewa duk wanda ke cikin damuwa shi ya so, domin da ya tashi da ƙarfe huɗu na asuba ya tsara rayuwarsa da tuni ya warke. Dukkan ɓangarorin sun kama wani gefe na gaskiya sun saki sauran.

Me ake nufi da lafiyar ƙwaƙwalwa?

Matsala ta farko tana cikin kalmar kanta. Da zarar an ce ƙwaƙwalwa, hankalin mutanenmu yakan tafi ga taɓin hankali, wato mutumin da ke yawo a bola yana surutai shi kaɗai. Ma'anar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar ta fi haka faɗi nesa ba kusa ba: yanayi ne da mutum ke iya jure matsin rayuwa na yau da kullum, ya yi amfani da basirarsa, ya koyi abu, ya yi aikinsa, ya kuma amfani jama'arsa. Bisa wannan ma'ana kowa yana da lafiyar ƙwaƙwalwa kamar yadda yake da lafiyar jiki, tana ƙaruwa tana raguwa. Rahoton hukumar na 2022 ya nuna cewa mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kuma mafi yawansu ciwon damuwa ne da fargaba, irin lalurorin da mai su zai buɗe shago, ya je masallaci ko coci, ya gaisa da mutane, ba wanda ya san abin da ke cinsa.

Wajibi ne a bambanta ɓacin rai da ciwon damuwa. Ɓacin rai yana da dalilin da aka sani, kuma yakan yaye bayan kwanaki. Ciwon damuwa kuwa ƙunci ne da ke zaunawa mako biyu ko fiye, kusan kullum, ya ɗauke wa mutum jin daɗin abin da a da yake so, ya dagula masa barci da cin abinci, ya bar shi da kasalar da hutu ba ya maganinta. A gidajenmu ba kasafai ake kiransa da sunansa ba. Sai dai a ce tunani ya yi wa wane yawa, ko a ce jininsa ya hau, ko a yi ta sayen maganin maleriya da taifot ana sha ba a ga sauƙi ba.

Yadda babban buri ke komawa ya zama kaya

Akwai wani tela maƙwabcina a Anguwan Rogo da ya nuna mini bangon littafin awonsa bayan Ƙaramar Sallah. A ƙasan awon kafaɗa da tsawon wando na masu kawo ɗinki, ya jera abubuwan da ya ƙudurta: zai haddace izu biyar kafin Babbar Sallah, zai tara kuɗin keken aiki na zamani, zai daina shan sukari kwata-kwata, zai riƙa gudu kowace safiya. Ya yi kwana tara a kai. Rana ta goma aka ɗauke wuta yini guda, ya kwana yana ɗinki da janareto, ya makara, daga nan komai ya warware. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hukuncin da ya yanke wa kansa. Cewa ya yi: "Malam, ni dai na gane ba ni da zuciya." Bai ɗora laifin a kan tsarin da ya yi ba, a kan kansa ya ɗora shi, kuma watanni bayan haka ko buɗe shafin ba ya son yi.

Masana halayyar ɗan Adam biyu na Jami'ar Toronto a Kanada, Janet Polivy da Peter Herman, sun yi nazarin wannan zagaye suka kira shi ciwon sa rai na ƙarya. Mutum yakan yi kuskuren lissafi a kan girman sauyin da zai iya, da saurinsa, da sauƙinsa, da kuma irin alherin da zai biyo baya. Ranar da ya ɗauki alkawarin yakan ji daɗi sosai, kamar ma ya riga ya cika shi. Idan ya kasa, sai ya ɗauka ƙoƙarinsa ne ya gaza, ya sake ɗaukar wannan kayan dai ba tare da ya rage komai ba. Kowace faɗuwa kuma tana barin tabo, domin tana ƙara masa hujjar cewa shi ba ya iya komai, wanda shi ne ainihin tunanin da ciwon damuwa ke rayuwa a kansa.

Wayar hannu ta ƙara wa wutar fetur. A da mutum yana gwada kansa ne da sa'anninsa na unguwa, waɗanda ya san cikinsu da bayansu. Yanzu saurayin da ke tura baro a kasuwar Farin Gada yana gwada kansa da hoton wani da ya tsaya gaban mota a Maitama, bai san ko motar tasa ce ko ta aro ba. Burin da aka aro daga irin wannan hoto ba a kan ƙafar mai shi aka auna shi ba.

Buri daidai ƙarfi ba mutuwar zuciya ba ne

A nan ne wasu ke yin tirjiya, kuma suna da hujja. Edwin Locke da Gary Latham, waɗanda suka shafe shekaru da dama suna binciken yadda buri ke tasiri a kan aiki, sun gano cewa buri takamaimai mai ɗan wahala ya fi sa mutum ƙwazo a kan a ce masa kawai ya yi iya ƙoƙarinsa. To amma su ma sun gindaya sharaɗi: sai in mutum yana da ikon yin abin, ya yarda da shi a ransa, kuma yana da hanyar ganin ci gabansa. Daidai ruwa daidai tsaki ke nan.

A ganina ma'auni biyu sun wadatar wajen gane burin da ya dace. Na farko shi ne a tambayi kai ko abin yana hannun mutum. Samun aikin gwamnati a bana ba ya hannun wanda ya gama hidimar ƙasa, amma aika takardar neman aiki wuri biyu kowane mako, da zama awa biyu a shagon gyaran waya yana koyon sana'a, suna hannunsa. Wanda ya rataya kwanciyar hankalinsa a kan abin da wani zai yanke ya ba da aron zuciyarsa. Na biyu, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne a auna burin da ranar da ta fi muni. Mutane sukan tsara rayuwarsu a daren da suke cike da kuzari, alhali tsarin zai gamu da ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi, da ranar da ba a yi ciniki ba, da safiyar Janairu da sanyin Jos ke hana mutum fitar da hannu daga bargo. Shafi ɗaya na karatu yana tsallake irin waɗannan ranaku, izu guda kuwa ba ya tsallakewa.

Yadda ɗabi'a ke kafuwa, da labarin kwana 21

Ɗabi'a, a bakin masana, aiki ne da aka maimaita a yanayi ɗaya har ya zama yanayin da kansa ke tayar da shi ba sai an yi shawara da zuciya ba. Direban Keke Napep ba ya tunanin inda birki yake. Amfanin wannan ga mai damuwa babba ne, domin abin da damuwa ke fara cinyewa shi ne ƙarfin yanke shawara, ita kuwa ɗabi'ar da ta kafu ba ta buƙatarsa sosai.

An daɗe ana yaɗa cewa kwana 21 ke kafa ɗabi'a. Asalin maganar daga wani likitan gyaran fuska ne ɗan Amurka, Maxwell Maltz, wanda ya rubuta a 1960 cewa marasa lafiyarsa kan ɗauki aƙalla kimanin kwana 21 kafin su saba da sabuwar kamarsu. Lura ce ta likita, ba gwaji ba, kuma a hanya kalmar "aƙalla" ta faɗi. Da Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan suka bi diddigin mutum 96 na tsawon mako 12, a binciken da ya fito a 2009, sun samu cewa matsakaicin lokacin kwana 66 ne, kuma tazarar ta kama daga kwana 18 har zuwa 254, gwargwadon mutumin da kuma nauyin aikin. Shan kofin ruwa ya fi saurin zama jiki a kan motsa jiki. Wani abin da suka gano, wanda da telan nan ya san shi da bai rufe littafinsa ba, shi ne tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Abin da ke rushe shi shi ne mutum ya ce tunda na karya, shi ke nan.

Sai batun jingina. Masanin nan Bajamushe Peter Gollwitzer ya nuna cewa niyyar da aka ɗaure da lokaci da wuri ta fi cika a kan niyyar da aka bari sake. "Zan riƙa motsa jiki" magana ce a iska. "Idan na fito daga sallar La'asar zan zagaya ta bayan makaranta kafin in koma shago" tana da turke. Mu kam an riga an kafa mana turaku a cikin yini: salloli biyar ga Musulmi, addu'ar safe da ta dare a gidajen Kirista, lokacin kai yara makaranta, lokacin ɗora tukunya. Wannan fahimta ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, kuma kakanninmu sun ce da yayyafi kogi kan cika.

Dalilin da ya sa aiki ke riga sha'awa

Wannan shi ne gundarin maganar, kuma nan ne ƙananan ɗabi'u suka tashi daga nasiha suka shiga fagen magani. Mai ciwon damuwa yakan ce zai fita idan ya ji ƙarfi, zai ziyarci 'yan'uwa idan ransa ya yi sanyi. Yana jira, ƙarfin ba ya zuwa, domin zaman ɗakin ne ke ƙara tsotse shi: ya janye daga mutane, abubuwan da ke faranta masa rai suka ragu, ƙunci ya ƙaru, ya ƙara janyewa. Tun shekarun 1970 masana suka fara gina wata hanyar jinya da ke juya wannan zagaye. Ana zama da mutum a zaɓi ƙananan ayyuka masu ma'ana a wurinsa, a sa musu rana da lokaci, ya yi su ko yana so ko ba ya so, sannan a dawo a duba yadda ya ji. Sau da yawa sha'awar takan biyo bayan aikin.

An gwada hanyar gwaji mai tsauri. A 2016 mujallar likitanci ta Lancet ta buga sakamakon binciken da David Richards na Jami'ar Exeter a Ingila ya jagoranta a kan manya 440 masu ciwon damuwa. Bayan shekara guda, waɗanda ƙananan ma'aikatan lafiya suka bi da su ta wannan hanya sun samu sauƙi daidai da waɗanda ƙwararru suka yi wa jinyar gyaran tunani, kuma kuɗin ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. A nahiyarmu ma akwai misali. A Harare ta Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci, su saurari mai damuwa, su taimaka masa ya ware matsala ɗaya daga cikin tarin matsalolinsa, ya zaɓi matakin da zai iya ɗauka a makon. Gwajin da aka buga a 2016 a kan mutum fiye da 500 ya nuna waɗanda aka bi da su ta wannan hanya sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Sunan da mutanen can ke kiran ciwon da shi a harshen Shona ma'anarsa yawan tunani, daidai da yadda muke faɗa.

Na ga irin wannan a cikin dangi, ba tare da kowa ya san sunansa a littafi ba. Wata gwaggona ta gama takaba amma ta ƙi fitowa daga ɗaki, abinci sai an yi da gaske, magana sai ta kama dole. An yi nasiha an gaji. Matar ɗanta ce ta sauya salo. Kowace safiya idan rana ta faɗo tsakar gida, sai ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, ta ajiye tire da alayyahu, ta ce: "Inna, hannuna ya yi sanyi, ki taimaka ki tsinke mini wannan." Ranar farko ta tsinke rabi ta koma ciki. Bayan mako biyu ita ke tambayar ina tiren yake. Ta sha hantsi, ta motsa hannu, jikoki sun kewaye ta, kuma ta ji ana buƙatarta a gidan. Baƙin cikin rashin mijinta bai gushe ba, amma ta dawo cikin mutane da shi.

Daga ina ya kamata a fara?

Abubuwa uku ne hujja ta fi ƙarfi a kansu: barci, motsi, da cuɗanya da mutane. Babban mutum yana buƙatar awa bakwai zuwa tara na barci, kuma tsayar da lokacin tashi ya fi sauƙin riƙewa a kan tilasta wa ido rufewa. Wanda ya saba shan shayi mai kauri ko lemon ƙara kuzari bayan Isha'i, sannan ya kwanta da waya a hannu har ƙarfe ɗaya, zai ga bambanci idan ya mayar da shayin zuwa yamma ya kuma bar wayar a wurin caji nesa da katifa. Game da motsi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 150 zuwa 300 a mako, amma ta ƙara da cewa kaɗan ya fi babu. Sauka daga keke tun kafin a kai Terminus a ƙarasa da ƙafa yana cikin lissafi, kuma yana rage kuɗin mota. Cuɗanya kuwa ita ce muka fi kowa arziki da ita muke kuma sakaci da ita: gaisuwar maƙwabci, zuwa suna, kiran 'yar'uwa ɗaya duk Juma'a. Shawarar da zan ba kowa ita ce ya ɗauki ɗaya tak, domin taura biyu ba ta taunuwa, ya riƙe ta wata biyu kafin ya ƙara wata.

Hujjar masu suka

Masu cewa wannan duk kauce wa ainihin matsala ne ba su yi ƙarya ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 rayuwa ta yi tsada, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ba ya riƙe gida wata guda. Jos kuma tana da nata tabon: rikicin Satumbar 2001, da na 2008, da na 2010, sun bar mutanen da har yau ƙarar tayar mota da ta fashe kan sa gabansu ya faɗi. Tafiyar minti goma ba ta biyan haya, ba ta dawo da wanda aka rasa. Zalunci ne a mayar da gazawar hukuma ta zama laifin talaka, a ce damuwarsa rashin tsari ce. Abin da ƙaramar ɗabi'a ke yi shi ne ta tsare wa mutum barcinsa da ƙarfinsa da mutanensa, waɗanda da su ne zai fuskanci mai gidan haya gobe. Kuma gurbin da ba a cike da ita ba, wani abu ke cike shi. Binciken ƙasa na 2018 da aka yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi. Tiramadol da kodin ma da kaɗan-kaɗan suke zama jiki.

Akwai kuma masu ganin cewa damuwa raunin imani ce, maganinta addu'a kawai. Addu'a da zikiri da karatun littafi mai tsarki suna sanyaya zuciya, kuma su kansu ɗabi'u ne da ake ginawa a hankali. Sai dai faɗa wa mai ciwo cewa imaninsa ne ya yi rauni ƙarin kaya ne a kan wanda ya riga ya durƙusa. Ba ma faɗa wa mai ciwon suga haka. An umarce mu da ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Inda ƙaramar ɗabi'a ke tsayawa

Akwai matakin da tsarin yini ba ya wadatarwa, kuma jinkiri a nan yana da haɗari. Idan ƙuncin ya wuce mako biyu yana hana mutum aiki ko kula da kansa, idan ya fara cewa gara ya mutu ko yana tunanin cutar da kansa, idan yana jin muryoyin da wasu ba sa ji, idan ya kwana da yawa ba barci amma yana ta zuba da kashe kuɗi ba lissafi, ko mai jego ta kasa kusantar jaririnta tana yawan kuka, to likita ake nema a ranar. Maganar mutuwa musamman ba a ɗaukarta wasa ko neman a kula. A zauna da mutumin, a kawar da abin da zai iya cutar da kansa da shi, a raka shi asibiti.

Hanyar ba ta da faɗi, gaskiya ce. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta sha kokawa cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Amma ƙofofi suna nan: Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai asibitocin tarayya na wannan fanni a Kaduna da Maiduguri da Kware ta Sakkwato, kuma likitan kowane babban asibiti zai iya dubawa ya tura mutum inda ya dace. A watan Janairun 2023 shugaban ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar 1958 ta zamanin mulkin mallaka da ke kallon mai lalura a matsayin wanda za a tsare. Sabuwar dokar ta amince masa da haƙƙin a yi masa jinya cikin mutunci ba tare da wariya ba, ko da yake aiwatar da ita a jihohi yana tafiyar hawainiya.

Ko bayan an ga likita, ƙananan ɗabi'u ba sa barin aiki. Magungunan ciwon damuwa sukan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a fara jin amfaninsu, kuma mutane da yawa kan watsar da su a wannan tsakanin, ko su daina da zarar sun ji dama ba tare da sanin likita ba, ciwon ya dawo. Shan ƙwayar a lokaci ɗaya kullum, a jingina shi da karin kumallo ko sallar Isha'i, da rubuta ranar komawa asibiti a inda ido zai riƙa gani, da samun mutum ɗaya a gida da zai riƙa tambaya cikin taushin murya ko an sha magani, su ne ke riƙe jinyar har ta kai watannin da likita ya ɗiba.